Iskar Ɗakinmu Haƙƙinmu Ce: Tsimin Wuta Kada Ya Zama Sanadin Ajali

Jawabin da Sakataren ƙungiya ya gabatar a taron magidanta da iyaye mata, wanda kwamitin kare haƙƙi ya nemi a buga domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

 



Mun saba idan muka taru a nan mu yi maganar rusau, ko takardar fili, ko kuɗin haya, ko yaranmu da ake kamawa a bakin kasuwa. Yau kwamiti ya ɗora mana wata magana dabam, wadda da farko wasu suka ce ba ta shiga sahun haƙƙi ba. Maganar ita ce iskar da muke shaƙa a cikin ɗakunanmu, da yadda tsadar wuta da mai da gas ta sa muke toshe wannan iska da hannunmu.

Dalilin wannan zama

Da yawa daga cikinmu sun san abin da ya faru a layinmu a bazarar da ta wuce. Wani bawan Allah mai sana'ar ɗinki, mai mata ɗaya da yara biyu, yana zaune a ɗaki ciki da falo, ƙanensa kuma yana kwana a falon. Daren an ɗauke wuta, zafi ya yi tsanani, sai ya tada ƙaramin janaretansa don fanka ta juya wa yara. Da yake an taɓa sace masa wani janaretan a waje, sai ya shigo da wannan cikin lungun da ke tsakanin ɗakuna, ya rufe ƙofar waje, ya sa sakata. Da Asuba liman bai ga mutumin a sahu ba, alhali ba ya fashi. Gari ya waye matar ba ta fito ɗiban ruwa ba. Da maƙwabta suka ɓalle ƙofa, aka samu kowa a kwance ba ya motsi. Allah Ya tashi kafaɗar maigidan da matarsa da yaran bayan kwanaki a asibiti, amma ƙanen, wanda shimfiɗarsa ta fi kusa da lungun, rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalansa haƙuri.

Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne kuma ya umurce mu da ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Wannan bawan Allah bai yi ganganci don son ransa ba. Zafi ya kore shi, ɓarawo ya tsorata shi, ɗakin da yake biyan haya kuma taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon maƙwabci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin wanda bai taɓa kwana da janareta ko kaskon gawayi kusa da shimfiɗarsa ba a cikinmu, ba shi da yawa.

Yadda muka tsinci kanmu a irin waɗannan ɗakuna

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammad ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, aka ce ƙasa ce ta kowane ɗan Nijeriya. A 1979 aka kammala babban tsarin birnin, ranar 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnati ta taso daga Legas ta tare a nan. Iyayenmu da mu kanmu mun biyo aikin ginin da kasuwancin da ya biyo bayansa: birkiloli, leburori, masu gadi, mahauta, direbobi, 'yan gwari da 'yan tireda. Birnin da muka gina da hannunmu bai tanadi isassun gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba, don haka muka watsu a Gwagwa, Karmo, Dei-Dei, Zuba, Mpape, Nyanya, Karu, Lugbe da sauransu, wasu har suka tsallaka Mararaba a Jihar Nasarawa da Madalla da Suleja a Jihar Neja. Ƙidayar 2006 ta samu mutum kimanin miliyan 1.4 a yankin, kuma kowa ya san yadda aka ƙaru daga lokacin zuwa yau.

Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da waɗanda suka biyo baya, sun bar mana wani tabo da ba a cika faɗa ba. Mutumin da bai san ko gininsa zai kai baɗi ba, ba zai kashe kuɗi ya sa silin ba, ba zai ɗaga bango ya yi tsawo ba, ba zai bar fili a tsakar gida ba. Abin da zai yi shi ne ya jera ɗakuna baya da baya, ya rufa kwano, ya huda 'yar taga ɗaya, ya zuba 'yan haya ya maido kuɗinsa kafin katafila ta iso. Ɗan haya kuma da ya san ana iya cewa ya tashi, ba ya iya buɗe baki ya ce ɗakin ba ya shan iska. Ke nan rashin tabbacin zama shi ne ya haifi ɗakin da ba shi da numfashi. Shi ya sa muka ce wannan magana tana cikin sahun haƙƙi.

Tsadar makamashi da abin da ta jawo

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya na masu rukunin A zuwa Naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo wajen Naira 209. Gas ya tashi, kalanzir kuwa tun kafin nan ya gagari talaka. Iyayenmu mata da dama da suka saba da gas sun ajiye tukunyar a ƙarƙashin gado sun koma gawayi da itace.

Kowane magidanci ya shiga tsimi, kuma tsimi abu ne mai kyau. Sai dai wani tsimin yana cin rai. Mace tana girki da gawayi a cikin ɗaki ta rufe ƙofa don kada iska ta cinye mata gawayin da sauri. A hunturu ana shigo da kasko a toshe taga da tsumma don kada ɗumin ya fita. Mai na'urar sanyaya ɗaki yana liƙe kowace kafa don kada sanyin da ya saya da tsada ya zurare. Mai janareta yana matso da shi kusa don gajeriyar waya da tsoron ɓarawo. Dukkansu lissafin kuɗi suke yi, kuma lissafinsu daidai ne ta fuskar aljihu. Abin da ba a sa a lissafin ba shi ne huhun yaron da ke kwance a ɗakin.

Abin da ke cikin iskar rufaffen ɗaki

Na farko, kuma mafi saurin kisa, ita ce gubar da masana ke kira kabon monoksaid. Tana fitowa daga duk abin da ke ci da wuta ba tare da isasshiyar iska ba: janareta, gawayi, itace, risho, har da murhun gas idan harshen wutarsa ya koma ruwan ɗorawa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da wani abu, sai jini ya riƙa zagaye jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke bukata. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, shi ya sa ake ɗaukar ta maleriya ko gajiya, wasu ma su ce iska ce ko sammu. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa. Mu lura da wannan alama: idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, kuma suna samun sauƙi da zarar sun fita waje, to ɗakin ne ba shi da lafiya.

Na biyu shi ne hayaƙin girki, wanda ba ya kisa a dare ɗaya, a hankali yake cin mutum. Ƙananan ɓurɓushinsa suna shiga can cikin huhu, suna jawo ciwon namoniya ga yara, da tari mai naci, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da matsalar ido ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Tun a 2014 hukumar ta ba da shawarar a rage amfani da kalanzir a cikin gida. Wa ya fi shaƙar wannan hayaƙi? Uwa ce da goyonta a baya.

Na uku shi ne numfashin junanmu. Idan mutum 7 ko 8 suka kwana a ɗaki ɗaya ƙofa da taga a rufe, abin da wannan ya fesar shi wancan ke shaƙa. Ta haka tarin tibi, ƙyanda da sanƙarau ke yaɗuwa. Manyanmu ba su manta da sanƙarau ɗin 1996 ba, wanda ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, akasari a Arewa, fiye da 11,000 suka rasu. Lokacin zafi da ƙura ne cutar ke tashi, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana daga cikin abin da ke ƙara mata ƙarfi. Annobar korona ta 2020 ta sake tuna wa duniya wannan darasi.

Na huɗu shi ne danshi da fumfuna. Damina a nan ta fi ta Kano da Katsina da Sakkwato tsawo da yawan ruwa. Bangon da ke jan ruwa daga ƙasa, ko rufin da ke yoyo, a ɗakin da ba a buɗe shi, sai ka ga baƙi-baƙi ya fito a kusurwa da bayan katifa. Wannan yana tada asma ga yara. A ƙara da igiyar leko da muke kunnawa a rufe ɗaki har safe, da turaren wuta, da hayaƙin sharar da ake ƙonawa a bakin taga.

Ba mu muka fara wannan kuskure ba

Kada wani ya ce jahilcin talaka ne. A 1973 da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya, injiniyoyin Amurka da Turai sun shiga liƙe gine-ginensu don tsimin makamashi. A Amurka an rage yawan iskar waje da ake shigarwa ofisoshi zuwa kashi 1 bisa 3 na yadda take a da. Ba a jima ba ma'aikata suka fara kukan ciwon kai, ƙaiƙayin ido da kasala, waɗanda ke wucewa idan sun bar ginin, har aka sa wa abin suna ciwon gini marar lafiya. A 1989 dole aka maido da ƙa'idar iskar yadda take. Masu digiri ne suka yi wannan kuskure, kuma sai da jikin mutane ya gaya musu suka gyara.

A Ingila kuma, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a watan Disambar 2020 sakamakon fumfunar da ta cika gidan hayar da suke ciki. Iyayensa baƙi ne daga Sudan, sun yi ta kai kuka ba a gyara ba, har ana ɗora laifin a kan yanayin zamansu. A 2022 binciken kotu ya tabbatar fumfunar ce ta kashe shi. Wannan ya sa aka yi dokar da ake kira Dokar Awaab, da sunan yaron, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2025, tana tilasta wa masu gidajen hayar jama'a su gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadadden lokaci. Abin lura a gare mu shi ne, baƙi ne kamar yadda ake kiranmu baƙi, kuma abin da ya tsaya musu a gaban kotu shi ne koke-koken da suka riƙa kaiwa, waɗanda aka samu a rubuce.

Tsimin da ba ya toshe numfashi

Yanzu tambayar ita ce, dole ne mu zaɓi ɗaya tsakanin lafiya da aljihu? Amsarmu ita ce a'a, in dai an fara daga ginin kansa. Kakanninmu sun san haka. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ya san yadda ake barin rana a waje a shiga inuwa mai sanyi ba tare da fanka ba. Kaurin bangon ƙasa yana riƙe zafin rana sai dare ya sake shi, rufin soro yana da tsawo, ƙananan tagogi suna can sama inda iska mai zafi ke taruwa ta fice. Mafi muhimmanci, madafi yana waje, a tsakar gida. Ba muna cewa a koma ginin tubali da azara a Abuja ba, ruwan nan ma ba zai bari ba sai da gyara. Hikimar muke so a ɗauko: a hana zafi shigowa tun farko, a ba iska hanyar shiga da hanyar fita, a raba wuta da wurin kwana.

Gwamnatin Tarayya ma ta yarda da wannan. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta tsaya a kan abubuwa kamar girman tagogi da yi musu inuwa, sa abin da ke tare zafi a ƙarƙashin rufi, fitilu marasa cin wuta, da na'urorin sanyaya ɗaki masu inganci. An yi ta ne da ofisoshi da manyan gidaje a zuciya, amma darasinta ya fi amfanar mai ɗaki ɗaya, domin shi ne ba shi da kuɗin sayen sanyi.

A ajinmu na yaƙi da jahilci mun sa wannan a darasin lissafi, kuma ga abin da ɗalibai suka fitar da kansu a kan allo. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana cin kusan yunit 1 a awa. Awa 8 a dare, a kan Naira 209, ya kama kusan Naira 1,700, a wata kusan Naira 50,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Fankar sama kuwa tana cin wat 70 ko kusa da haka, wato a awa 8 yunit ɗinta bai wuce rabi da kaɗan ba, a wata wajen Naira 3,500. Ko rukuninka ba A ba ne, bambancin dai ya haura ninki 10. Ƙwan fitilar LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ba ya ɗumama ɗaki. Bugu da ƙari, mu sani cewa na'urar sanyaya ɗaki irin ta manne a bango ba ta shigo da sabuwar iska, wadda ke ɗakin take ta juyawa. Sanyi dabam, tsabtar iska dabam.

Fanka kuwa ba ta da amfani sosai a ƙarƙashin kwanon da ba silin, domin zafin take turo maka. Don haka kuɗin da aka sa a silin, da farin fenti a kan kwano, da taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, da rumfa ko bishiya a gefen yamma, sau ɗaya ake kashe shi a ci moriyarsa shekara da shekaru. Wannan ne tsimin da ke rage kuɗin wuta kuma ya ƙara iska a lokaci guda.

Me doka ta ce?

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa, sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Sashe na 33 ya kare rai. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa, iska da ƙasa, sashe na 16 kuma ya ambaci samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai dacewa. Gaskiya ce waɗannan biyun na ƙarshe suna Babi na 2, wanda ba a kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye. Amma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam da Al'ummomi ya tabbatar da haƙƙin zama a muhalli mai kyau, kuma Nijeriya ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasa tun 1983. A 2018 Kotun Ƙoli, a wata shari'a kan malalar mai, ta yarda cewa ƙungiya mai zaman kanta tana iya shigar da ƙara kan gurɓata muhalli a madadin jama'a. A watan Yulin 2022 kuma Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa muhalli mai tsabta da lafiya haƙƙin ɗan'adam ne.

Ga mai tsoron kada a kore shi don ya yi magana: dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Yankin Babban Birnin Tarayya ta ce, idan ba a rubuta wani abu dabam a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata 1, mai biyan shekara yana da na wata 6. Bayan ya ƙare sai a ba shi na kwana 7, sannan a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko kwano, ko watso maka kaya waje da kansa. 'Yan'uwanmu na Mararaba, Madalla da Suleja suna ƙarƙashin dokokin jihohinsu, su tuntuɓi kwamiti a duba musu. Wanda aka zalunta yana iya zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, duk suna nan Abuja. Maganar kuɗin wuta na ƙiyasi, wanda NERC ta sa wa iyaka tun 2020, ana fara kai ta ofishin koke na kamfanin AEDC a rubuce, idan ba a warware ba a wuce zauren sauraren koke na NERC. Ƙona shara a cikin unguwa kuma hurumin hukumar muhalli ta AEPB ne.

Haƙƙi yana tafiya da nauyi. Da yawa daga masu gidajen hayar nan 'yan ƙungiyar nan ne, suna zaune a wannan taro. Alhazanmu, muna roƙonku da girmamawa: ɗakin da ba za ku kwantar da jikokinku a ciki ba, kada ku karɓi kuɗin hayarsa.

Abin da kwamiti ke roƙon kowane gida

1. Janareta ba ya kwana a ɗaki, ko falo, ko lungu, ko shago a rufe, ko da ƙofa a buɗe take. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa kamar mita 6 in da hali, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna. Maganin ɓarawo keji ne na ƙarfe da sarƙa da kwaɗo. 'Yan gida ɗaya su haɗa kuɗi su yi keji guda.

2. Gawayi da itace a waje ake girki da su, ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Mai gas ko risho a ɗaki ta buɗe taga da ƙofa har ta gama, a fitar da yara. Rufe tukunya, jiƙa wake tun dare, da murhun gawayi mai rufin yumɓu suna rage cin makamashi ba tare da rufe ƙofa ba.

3. Kasko ba ya kwana a ɗaki, ko na mai jego ne. A ɗumama jiki a waje, a shiga da bargo. Hadisai ingantattu sun umurce mu da kashe wuta kafin barci, malamanmu za su ƙara mana bayani.

4. A sa wa taga raga da ƙarafa domin a iya barin ta a buɗe da dare ba tsoron sauro ko ɓarawo. Gidan sauro ya fi igiyar leko lafiya, kuma ya fi ta araha idan an lissafa shekara.

5. A bazara a saki labule a gefen da rana ke duka da rana, a buɗe ko'ina da dare. A hunturu idan an rufe saboda ƙura, a bar kafa ta sama, a riƙa buɗe ɗaki yana shan iska kullum. Mai na'urar sanyaya ɗaki shi ma ya buɗe safe da yamma.

6. Idan aka samu mutane a sume: a buɗe ƙofa da taga, a kashe janareta, a fito da su fili, a garzaya asibiti ko a kira 112, a gaya wa likita hayaƙi ne domin a sa musu iskar numfashi. Kada a ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, yana iya shaƙewa.

7. Kafin ka biya haya, ka tsaya a ɗakin da tsakar rana. Ka duba silin, yawan tagogi, alamar danshi, wurin girki da wurin janareta. Abin da mai gida ya yi alkawarin gyarawa a rubuta a yarjejeniya. Wanda bai iya karatu ba ya kawo takardar ofishin ƙungiya a karanta masa kafin ya dangwala, ajin dare kuma a buɗe yake ga maza da mata.

Abin da ƙungiya ta ɗauka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za mu zagaya gida-gida tare da matasa da wakilan mata mu rubuta ɗakunan da ba su da taga ta biyu ko silin, da gidajen da janareta ke kwana a lungu. Za mu zauna da masu gidaje a gaban Sarkin Hausawa a sasanta yadda za a raba kuɗin gyara, ko ɗan haya ya gyara a cire masa a haya, a rubuce. Za mu tara birkilolinmu da kafintoci da masu walda, domin su ne ke gina waɗannan ɗakuna, su yi alkawarin ba mai gini shawarar taga biyu da bango mai tsawo. Za mu roƙi limamai su sa maganar a huɗuba kafin shigowar hunturu da kafin bazara. Sannan za mu rubuta wa ƙaramar hukuma da Hukumar Babban Birnin Tarayya, tare da 'yan'uwanmu Gbagyi da sauran ƙabilun da muke zaune tare, muna neman a daidaita matsayin unguwanninmu a ba da takardu, domin mutum ba ya gyara gidan da bai san ko zai kwana a cikinsa gobe ba.

Jama'a, mun baro garuruwanmu ne don neman halali, ba don a mayar da gawarwakin 'ya'yanmu gida a bayan mota ba. Muna roƙon kowa idan ya koma gida yau, kafin ya kwanta ya duba inda janaretansa yake, ya duba tagarsa, ya kuma leƙa na maƙwabcinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yalwata mana abin hannu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu.